Kwamfutar da Muka Auna da Karan Dawa

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa, wasu ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in kamo bakin zaren. Amma bazarar da na haɗa wa yayana kwamfutar gem tana nan daram a raina, kuma na san ba za ta gushe ba har ranar da zan koma ga Mahaliccina.

Mu mutanen Garo ne, a ƙasar Kabo. Yaya shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ce auta. Tun tasowarsa ƙwallo ce rayuwarsa, in ba ya fili yana buga ta da ƙafa, to yana gidan gem yana buga ta da yatsu. Wata damina babur ya kayar da shi a hanyar Gwarzo, ƙashin bayansa ya taɓu. Da aka sallamo shi daga asibiti a Kano, ƙafafun nan ba sa motsi. Aka kwantar da shi a tsohon ɗakin ƙasa da kakanmu ya bari, ya juya fuskarsa bango, shi ke nan. Abokansa su zo dubiya, ya ce a ce musu yana barci. Keken guragu da kawunmu ya kawo masa ya koma wurin rataye tawul. Mun riga mun haƙura da ƙafafun, mun bar wa Allah. Abin da ke cin ranmu shi ne mutumin da kansa yana zamewa daga hannunmu muna kallo.

A lokacin ina koyon gyaran waya da kwamfuta a wani shago a Gwarzo, ina zaune wurin goggona, sai ranar Alhamis in dawo gida. Ni kuwa Allah Ya yi ni da kafiya, in na sa abu a gaba ko Baba sai dai ya girgiza kai. Na tuna kafin hatsarin Yaya ya taɓa nuna mini hoton wata ƙatuwar kwamfuta a wayarsa, gefenta gilashi, cikinta fitilu kala-kala, ya ce da irinta zai buɗe gidan gem a Kabo wata rana. Sai na ƙudurta cewa tunda ya ƙi fita wurin ƙwallo, ni zan kai masa ƙwallo har kan katifa. Na shiga tara kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, wasu na hannu, wasu daga kwamfutocin da suka mutu, maigidana na shago yana taya ni zaɓen marasa cin wuta, don ƙaramar sola ce a gidanmu. Komai ya haɗu, saura akwatin da za a jera su a ciki.

Da na faɗa wa Inna, tana tsince shinkafa, sai ta ce, "A ina za ki ajiye masa?"

Na ce a ƙasa mana, gefen katifa.

"A'a," in ji ta. "Ƙasan ɗakin nan in damina ta faɗi jiƙewa yake. Ga shara, ga yayyafin ruwa, ga kaji. Ki sa a alkukin da ke saitin kansa, inda ko ba kowa zai miƙa hannu ya kunna."

Alkuki ɗan rami ne da magina na da suke bari a jikin bango don ajiye fitila. Na ce sai na samo abin awo daga Gwarzo tukuna. Inna mace ce ta mutanen da, tana yi wa Yaya kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, ko a jinyar nan sai dai ta ajiye abinci ta ce "a ci" ta fita. Amma washegari da zan koma, sai ta miƙo mini karan dawa guda uku ɗaure da zare. Ashe ta shiga da sunan shara ta auno alkukin, ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, ta yanke kowanne daidai da wuƙa. Ta ce, "Kada ki bari su karye a mota."

Haka na shiga kasuwar kayan kwamfuta a Kano, karare a jaka kamar mai zuwa hura wuta. Mai shagon da maigidana ya tura ni wurinsa wani dattijo ne mai barkwanci. Da na zaro su ya dube ni ya ce, "Malama, kwamfuta za ki haɗa ko danga?" Na yi masa bayani, dariyar ta tsaya, ya ce Allah Ya ba shi lafiya, ya shiga sauko mini da akwatuna.

Na farkon da idona ya faɗa a kai, wallahi irin na hoton Yaya ne sak. Ya jona shi da wuta, fankokin suka ɗauka, fitilu suna canja launi. Na san ba zai shiga ba, amma duk da haka na ɗora karan tsawo a jikinsa, ko rabinsa bai kai ba. Na daɗe tsaye ina shafa gilashin. Zuciyata tana cewa ki ɗauka, a nemo tebur, wannan shi ne abin da ya yi mafarki. Wata zuciyar tana cewa ina tebur zai zauna a ɗakin da katifa ta cinye, kuma me za ki ce da matar da ta yanko karan nan?

Ya kawo wani ƙarami baƙi, sumul, kyakkyawa, ya shiga awon har da sauran wuri, sai dai ba shi da ƙofar iska sai 'yar guda a baya. Na ce wannan tukunya ce, zai dafa mini kaya. Ya kawo wani wanda tsawonsa ya yi, zurfinsa ya zarce da kamar faɗin yatsa biyu. Na juya shi ta kowane gefe, ya ƙi. Daga ƙarshe ya lalubo wani daga can ƙasan kanta, duk ya yi datti, ɗan dunƙule mai launin toka, jikinsa huda-huda kamar rariya. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Na gwada kararen ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zauna cif. Na leƙa cikinsa, na ga babban faifan kwamfutar da na tanada zai shiga, da fanka guda.

"Wannan zai yi miki aiki," in ji mai shagon. "Amma ƙaramin akwati ba ya haƙuri da zafi. Duk inda za ki sa shi, ki bar masa wurin shan iska."

Na ce gaban alkukin a buɗe yake, zai isa. Na ɗauka na fito. A motar Gwarzo, akwatin yana kan cinyata, sai hawaye suka zubo mini. Gani nake na je kasuwa na rage wa yayana burinsa har ya koma daidai ramin bango.

Na haɗa shi a shago, na gwada, yana aiki lafiya lau. Ranar Alhamis na kai gida, na zura shi a alkuki ya zauna kamar don shi aka yi ramin. Na rataye ƙaramin talabijin a bangon da ke fuskantarsa, na ajiye masa hannun gem guda biyu a gefen matashi. Yaya yana kallona ta wutsiyar ido.

"Auta, wa ya sa ki wannan wahalar?"

"Ba kowa. Ni ce nake so in koya, kuma ba wanda zai koya mini sai kai."

"Ki kwashe kayanki," ya ce, ya juya bango.

Ban kwashe ba. Da na dawo mako na gaba, Inna ta tare ni a bakin madafi, murya ƙasa-ƙasa, ta ce tana jin hayaniyar 'yan kallo tana fitowa daga ɗakin bayan azahar. Ta ce har tuwo ya fara cinyewa. Ranar ji na yi kamar in taka rawa a tsakar gida.

Murnar ba ta daɗe ba. Zafin bazara ya kankama, irin wanda ko ƙadangare ke neman inuwa. Alhamis ɗin da ta biyo na tarar da hannun gem a yashe a bakin ƙofa. Yaya ya ce abin yana mutuwa ana tsakiyar wasa, ya kunna ya sake mutuwa. Sai ya faɗi maganar da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ya ce, "Ba laifinki ba ne. Duk abin da ya shigo ɗakin nan lalacewa yake yi."

Na duba alkukin, sai na ga akwatin sanye da riga. Wani yankin atamfa ne, na gane shi, daga zanen Inna na zuwa biki. An ɗinka shi da hannu daidai jikin akwatin, har da 'yar ƙofa ta wurin maɓallin kunnawa, an yi mata dajiya. Na cire, ƙarfen ya kusa ƙona ni. Na fita da rigar a hannu, raina a ɓace, na sami Inna tana wanke-wanke.

"Inna, ke kika rufe shi?"

"Ni ce. Abu duk huda, zanzaro zai shiga ya yi gini. Kuma ya za a bar kaya mai daraja tsirara? Ko rediyon babanku ai da rigarsa."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na kalli ɗinkin nan, ƙanana-ƙananan sari a jere, na matar da idonta ya fara rauni. Na gane wannan ce kaɗai hanyar da ta samu ta taɓa ɗanta. Na fasa faɗan. Na zauna kusa da ita na ce ta hudojin nan yake numfashi, in aka toshe sai ya suma. Ta ce, "Ashe cutar da shi na yi." Na ce ba ta cutar da kowa ba, ta karɓi rigar ta ninke ta sa a ƙugu.

To amma ko da babu riga, matsalar ba ta ƙare ba. Ya ɗan ƙara jimawa, sannan ya sake ɗaukewa. Bango ya rufe shi ta ko'ina sai gaba, iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa. Na sauko da shi ƙasa, ɗakin kansa kamar tanda, taga ɗaya ce kuma Yaya ya hana a buɗe. Ina durƙushe ina tunani sai Baba ya dawo daga sallar la'asar ya tsaya a bakin ƙofa. Shi ba mai yawan magana ba ne. Ya tambayi abin da ya faru, na ce iska ce babu.

"To ai iska tana zaure," ya ce.

Kafin in amsa ya sunkuya ya ɗauki akwatin da hannu ɗaya, ya saƙale shi a hammata kamar ƙwaryar fura, ya ce in biyo shi da talabijin da wayoyin. Zaurenmu ƙofa biyu ne, ga dalbejiya a gaba, iska tana ratsawa. Na jona komai ya tashi, fankar ma ba a jin ƙararta. Baba ya leƙa waje, ya yafito abokan Yaya biyu da ke zaune a dakalin maƙwabta, cikinsu har da babban amininsa da ya fi kowa sintirin dubiya ana mayar da shi. Ya ce, "Ku zo ku gwada mana abin nan, ko ya gyaru." Ni na koma cikin gida.

Ba a jima ba zaure ya cika. Ana jin komai daga tsakar gida, don Baba da kansa ya ce a ƙara murya. Aminin nan ya ɗauki ƙungiyar da Yaya yake so tun yana yaro, kuma shi bai iya ba ko kaɗan. Aka zura masa ƙwallo ɗaya, aka ƙara, aka sake ƙarawa, matasa suna ta yi masa tsiya. Ina zaune a ƙofar ɗakin Yaya ina jin katifa tana motsi. Can ya kira ni.

"Auta, wane ne yake wannan ɓarnar?"

Na faɗa masa. Ya yi tsaki. Aka sake zura wata, zauren ya kaure da ihu.

"Sauke tawul ɗin nan daga kan keken," ya ce. "Ki kira mini Baba."

Ban tsaya neman takalmi ba. Baba ya zo, shi da aminin suka ɗaga shi suka zaunar, ya ce a miƙo masa hularsa. Da aka turo shi tsakar gida ya runtse ido saboda haske, ya rame ƙwarai, ban san ya rame haka ba sai a rana. Suka shige zaure, hayaniyar ta ɗauke ɗif. Sai na ji muryarsa yana cewa, "Ba ni hannun nan, ka zubar mana da mutunci." Aka fashe da dariya, kuma a cikin dariyar har da tasa.

Inna tana bakin murhu, muciya a hannu. Ta tsaya cak, ta ja gefen mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa. Da ta sauke, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ƙaro ruwa a tukunyar nan, yau akwai baƙi."

Yaya bai sake taka ƙasa ba har yau, amma daga ranar bai sake yini a ɗaki ba. Na sha tambayar Baba ko da gangan ya yi, sai ya ce shi dai an ce masa iska ake nema.

Abin da na koya shi ne, mu duka son Yaya muke yi, kuma son ne ya sa kowa yake ta gyara masa zaman ɗaki. Ni na auna, Inna ta lulluɓe, muna ta kare shi daga komai har muka kusa kare shi daga mutane. Tun daga lokacin, in wani nawa ya shiga ƙunci, nakan kai masa abin da zan iya har inda yake, amma ba na tsayawa nan. Sai na nemi abin da zai sa shi da bakinsa ya ce a fito da shi.