Suwaitar da Sauda Ta Ƙarasa da Hagu

Sauda 'yar Unguwar Dabo ce, wani ƙauye a ƙasar Kunci inda gidaje da gonaki suka cakuɗe, har ba ka iya cewa ga inda bayan gidan wani ya ƙare, ga inda gonar maƙwabcinsa ta fara. Nan aka haife ta, nan aka ɗaura mata aure da Muntaka, amma saƙa a birni ta koyo ta. Muntaka ya samu aiki a wata masaƙa a Kano, ya ɗauke ta suka kama ɗaki a gidan haya. Maƙwabciyar ɗakinta 'yar Jos ce, mai saƙa kayan sanyin jarirai. Sauda takan zauna kusa da ita da farantin tsintar shinkafa, ido na kan hannun matar, har ta iya saƙar tsinke biyu da ta kwarashi, wannan ɗan ƙarfe mai ƙugiya a baki.

Da zamanin ostariti ya zo, lokacin tsuke bakin aljihu, masaƙa ta rage ma'aikata, Muntaka na ciki. Suka tattaro 'ya'yansu uku da gadon ƙarfe da 'yan kwanuka suka dawo gida noma. Ba su yi sa'ar shekara ba. Damina ta ɗauke tun gero yana bununi, wadda ta biyo baya kuma ba ta fi ta ba. Rumbuna suka koma wurin kwanan kaji, kajin ma aka sayar. Gidan da ake tuƙa tuwo sau ɗaya a wuni ana ganinsa da rufin asiri. Sauran kuwa garin rogo ne da kwaɗon tafasa. Yawancin maza suka watse cin rani, aka bar mata da tsofaffi da yara.

Sauda gajeriya ce, ba ta da yawan magana, ba ta kuma iya zama da hannu sake ba. Ta duba ta ga ko ana yunwa ana haihuwa, kuma duk jaririn da aka haifa lokacin sanyi sai an nema masa hula da safa. Matsalar ita ce zaren ulu ya ɓace a kasuwa, wanda ake samu kuma ba na talaka ba ne. Sai ta je wajen Inna Kulu, tsohuwar dillaliyar unguwar, ta ce in ta shiga kasuwa ta riƙa tsinto mata tsofaffin suwaita a gwanjo, waɗanda suka huje har ba mai taya su.

"Me za ki yi da tsumma?" in ji Inna Kulu.

"Ba rigar nake so ba, Inna. Zaren nake so."

Haka ta riƙa warware su layi-layi, ta wanke zaren, ta rataye shi a igiya da dutse a ƙasa don ya miƙe, sannan ta naɗe shi dunƙule-dunƙule. Inna Kulu ta kai kayan farko kasuwa, ta dawo da gero a bakin zane. Kafin wata ya zagayo matan unguwa sun fara leƙowa. Maƙerin gari ya fiƙe musu sifokin keke suka zama tsinke, ya lanƙwasa bakin ƙarfen tsohuwar lema ya zama kwarashi.

Daga nan aka tsayar da zaman Alhamis. Bayan azahar sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Inna Kulu, gindin darbejiya, kowace mace ta kwance ƙullinta ta nuna inda ta kai a makon. Wannan ta gama safa ɗaya tana neman zaren da zai dace da ta biyu, waccan ta kai wuyan riga ta rasa yadda ake rage shi. Hafsatu matar liman, wadda ke koya wa 'yan mata karatu da safe, ta daɗe a kan wani farin shawul da take ƙara masa faɗin tafin hannu duk mako. Ana kallo, ana shafawa, ana musayar guntayen zare. Mace takan fito daga gidan da ba a hura wuta ba, amma in ta ɗaga 'yar hular da ta gama aka ce ta yi kyau, sai ta koma da ɗan ƙarfinta.

Sai dai Sauda ba ta sakin yabo da arha. Takan karɓi aiki ta ɗaga shi sama, ta ja shi ta gefe, ta sa yatsa daidai inda kuskure yake. Wadda ta fi shan wannan ita ce Fadima, amaryar ƙanin Muntaka, mai sanyin hali da sanyin hannu. Wata Alhamis ta kawo hula mai tsini kamar malfa.

"Wannan kan wane jariri za ta zauna?" Sauda ta tambaye ta. "Warware daga nan."

"Yaya, kwana da kwanaki na yi a kanta."

"Na sani. Wadda za ta saya ba kwanakin za ta duba ba."

Fadima ta warware tana share ido da bakin mayafi. Amma mako na zagayowa ta dawo.

Shi kuwa Muntaka Watari ya nufa, inda ake noman rani a ƙarƙashin dam. Yana ƙodago a gonakin tumatir da alkama, yana shiga ban ruwa tun da asuba, ƙafa cikin laka mai sanyi. Da ya zo ganin gida sau ɗaya, Sauda ta ji tarin da yake yi daga ƙirji, ta ga rigar da ke jikinsa ta zama kamar rariya. Yana komawa ta ware zare ruwan toka, mafi kauri a cikin abin da take da shi, ta ɗora masa suwaita da tsinke biyu. Ta gama bayan rigar, ta kawo zaman Alhamis, mata suka riƙa miƙa wa juna suna mamakin yadda layukan suka jeru kamar kunyoyin gona.

A makon ne ƙayar aduwa ta soke ta a manuniyar hannun dama, wajen sarar itace. Ta zare ta, ta tsotse jinin, ta ci gaba da aikinta. Yatsan ya kumbura ya zama karkare, ciwon nan da ke hana mutum sakat. Aka ɗaura magani, wanzami ya tsaga, abin sai gaba yake yi, kumburi ya haura tafin hannu. Da zazzaɓi ya kwantar da ita, mijin Fadima ya goya ta a keke zuwa bakin titi, suka shiga mota sai asibiti. Likita ya ce an makara da yatsan, amma za a ceci hannun. Aka cire manuniyar. Babban yatsan kuma ya warke a sandare, ba ya lanƙwasuwa.

Da ta dawo gida ta shige ɗaki. Alhamis ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Sauda ba ta fito ba. Tana jiyo muryoyin mata ta bayan danga, ƙasa-ƙasa, ba kamar da ba. Ta ɗauko tsinken nan biyu ta gwada, na dama ya suɓuce ya faɗi. Ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Ta daɗe tana kallon hannun a kan cinyarta kamar na wata ne aka ba ta ajiya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kanta ya san kowane motsi, ya san inda zare zai bi, amma wanda zai aika ya tafi.

Fadima ta shigo mata da kunu, ta ga bayan suwaitar a kan gado.

"Yaya, ki ba ni in ƙarasa miki. Ko bai kai naki ba, ya dai sa a jikinsa."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Sauda. "Amma wa ya ce miki na bari?"

Tsinke biyu dai ta san ta yi sallama da shi. Kwarashi kuwa hannu ɗaya ke riƙe shi, ɗayan zare kawai yake tarewa, kuma 'yan yatsun da suka rage mata a dama za su iya wannan. Sai ta mai da kwarashin hagu. Hagun nan da bai taɓa yin abin da ya wuce riƙe ƙwarya ba ya ƙi jin magana. Ƙugiya ta kama zare ta saki, ta kama biyu maimakon ɗaya. Wuyan hannunta ya yi tsami, abin da ta samu a mako guda bai fi tsawon yatsa ba, ga shi a murɗe kamar busasshiyar kuɓewa.

Ranar Alhamis ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullinta, ta yi kamar ta koma. Ita ce fa mai cewa a warware. Sai ta gyara mayafi ta fita. Mata suka yi mata sannu da jiki, aka matsa mata wuri. Kowa ta nuna nata, da aka zo kanta Inna Kulu ta yi saurin ɗauko wata hira don a tsallake ta.

"Ba a zo kaina ba ne, Inna? Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta kwance ƙullin ta ajiye ɗan abin a tsakiyar tabarma. Mata suka zuba masa ido.

"Fadima, ɗauka ki duba. Me kika gani?"

"Yaya, ai ya fara kyau."

"Saƙa na koya miki, ban koya miki daɗin baki ba."

Fadima ta juya shi a hannu. "Ya tsuke a nan, ya saki a nan. Kin kuma tsallake biyu a gefe."

"Sai me?"

"Sai an warware."

"To kama min bakin zaren."

Suka warware shi tare. Inna Kulu ta yi gyaran murya ta ce ita dai tun tasowarta ba ta ga ana neman albarka da hagu ba. Hafsatu ta ɗago daga shawul ɗinta ta ce, "Inna, ci da sha da miƙa wa mutum abu ne aka ce a yi da dama. Ban taɓa jin Malam ya karanta inda aka hana mai lalura neman halak da hannun da Allah ya bar mata ba." Tsohuwa ta ce to, Allah ya sa a dace.

Fadima na zaune daura da Sauda tana saƙarta a hankali, yadda ta saba. Can Sauda ta lura da wani abu: in tana fuskantar Fadima, hannun daman yarinyar yana saitin hagunta ne, kamar mai duba madubi. Ta ce, "Matso gabana. Kada ki yi sauri." Fadima ta yi dariya ta ce ai ko ta so ba ta iya sauri ba. Suka haɗa gwiwa da gwiwa, Fadima ta soka, Sauda ta soka, Fadima ta jawo zare, Sauda ta jawo. Sanyin hannun nan da ake yi mata faɗa a kansa shi ya yi rana.

Tun daga nan kullum bayan la'asar suna tare. Duk Alhamis Sauda na kawo abin da ta samu, mai kyau ko maras kyau. Wani makon layi ya miƙe, wani makon ta dawo da dunƙulen zare kawai ta ce ta warware duka. Mata suka saba, har suna tambayarta tun daga zaure, "Yaya Sauda, ina aka kwana?" Ita ma bakinta ya ɗan sassauta. Ba ta daina nuna kuskure ba, amma yanzu takan fara da tambayar mace ko an ci wani abu a gidanta, in ba a ci ba a san yadda za a yi kafin a tashi.

Ba ta gama suwaitar ba sai da sanyi ya wuce, bazara ta kankama. Aikin Watari ya ƙare, Muntaka ya dawo da buhun alkama rabi da busasshen tumatir. Bayan ya huta ta miƙa masa. Ya buɗe ya duba: baya sumul, saƙar tsinke, gaba da hannuwa saƙar kwarashi, mai kauri, hannun hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Ya san da wane hannu aka yi, don ya je ya same ta a asibiti ya ga abin da ya rage. Ya zura ta a kan rigarsa.

"Malam, cire mana. Ana wannan zafin?" in ji Sauda.

"Gwadawa nake yi."

Ya fita da ita ƙofar gida ya zauna cikin dattawa, gumi na bin wuyansa. Suka yi ta tsokanarsa ko zazzaɓi yake ji, ya ce a'a, ɗinki ne bai gama gwadawa ba. Sai da aka kira la'asar ya cire ya ninke.

Daminar shekarar ta yi kyau, gero ya cika rumbu, maza suka zauna gida. Wasu matan suka ajiye saƙa da ƙunci ya yaye, wasu suka riƙe ta sana'a. Fadima ta yi adashi ta sayi keken saƙa, har daga Kunci ake kawo mata aikin suna. Sauda ta tsaya a kan kwarashinta, hannun ya faɗa sosai, shawul ɗinta na goyo ya yi suna a ƙauyukan kewaye. Da shi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da shi ta riƙe gida shekarun da Muntaka ya kwanta jinya har Allah ya karɓi abinsa.

Ta tsufa, ido ya rage, ta koma saƙa da lalube. Wata jikarta da ke karatu a Kano ta zo hutu, ta ce a wayarta akwai zauren da mata ke tura hotunan saƙarsu, tana so ta ɗauki na kakarta ta nuna musu. Sauda ta tambaya ko matan suna faɗa wa juna gaskiya in aiki bai yi ba. Yarinyar ta ce yawanci yabo ake yi. Tsohuwa ta jinjina kai, ta laluba bakin shawul ɗin da ke cinyarta, ta ce to ta ɗauka, amma ta jira ta kai ƙarshen layin tukuna.