Ganyen Kirya

Wautar da na tafka da furfurata, gara in faɗe ta da bakina kafin 'yan teburin shayin tashar Batsari su ƙara mata gishiri.

Autata tana karatun gandun daji a Katsina. Malaminsu ya ba su sunayen itatuwa ashirin da Turanci, ya ce kowa ya nemo sunan Latin na kowanne, ya liƙa ganyensa a gefe. Wanda ya kuskure ko guda, sai ya maimaita darasin baɗi. Na tambaye ta su wa ke jin Latin ɗin nan, ta ce duk sun mutu. Ikon Allah! Ni da aji uku na firamare ya kora, sai ga ni zaune ina riƙe mata waya.

Sha tara suka fito lafiya. Na ƙarshen, wai Bature icen ƙarfe yake ce masa, wayar kuma ta zubo mana sunayen Latin har huɗu, kowanne ya fi igiyar guga tsawo. Kwana biyu yarinya ba ta ci tuwon kirki ba. Da na ƙura wa hoton ɗaya daga cikinsu ido a wayar na ce, "Ke, kirya ce! Duk wannan wahala a kan icen turmi?"

Saura ganye. Masu gawayi sun cinye kiryar kusa da gari. Wadda na sani tana gonarmu ta Ruma, wadda ɓarayin daji suka raba mu da ita. Na bugi ƙirji na hau babur. Ina wuce gidajen ƙarshe na tuna ɓarayin nan, na fasa. Na tsaya gindin wata ɗorawa, na tsinko ganyenta, na sha barcina a inuwa, na dawo ina nishi kamar wanda ya yi tafiya. A raina na ce, mai yaren matattu ina zai san ganye?

Ashe malamin ɗan maƙeran Safana ne, cikin gawayin kirya ya tashi. Kallo ɗaya ya yi wa takardar, ya tambaye ta ko daddawa take shirin yi. Aji ya kwashe da dariya. Ya ce sai baɗi.

Da ta dawo gida na riga ta faɗa. Bature da sunansa, matattu da nasu, mu da namu, duk a kan ice ɗaya! Wa ya aike su? Ta bari na gama tas, tana naɗe dardumar salla.

"Baba, da ka ce mini tsoro kake ji, ai ni zan fara ɓoye makullin babur ɗin."