Malama Hajo da Jan Layin Manhaja

Shekara ashirin da bakwai Malama Hajo ta yi tana koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata da ke Ƙofar 'Yandaka, kuma ba a taɓa yi mata satar amsa an sha ba. Takarda za ta ɗaga, ta karanta layi biyu, ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Wanga ba bakinki ba ne." Yarinya ta yi ta rantse-rantse, can kuma ta sunkuyar da kai.

Da makaranta ta kawo manhajar gano kwafi, malamai suka dinga yi mata tsiya, wai na'ura ta yi mata ritaya. Ita kuwa murna ta yi, don idonta ya fara gajiya. Ita ce ma ta fara koyon aiki da ita.

Ana nan sai insha'in Hindu, ƙaramar ajin, ya fito da jan layi tun daga sama har ƙasa. Manhaja ta ce kalma da kalma ne da na Maimuna, 'yar wan babanta, wanda ya riga shi shiga. Doka kuwa a fili take: wadda ta kwafa ba za ta zauna jarrabawar zangon ba. Aka tambayi Hindu, ta ƙi kare kanta.

Abin ya tsaya wa Malama Hajo a rai, tausayin yarinyar ya kama ta. Ta san yadda ake layin ɗakin kwamfuta, inda ake shigar da insha'i: ƙanwa ba ta shiga gaban yayarta, ko da ita ta fara zuwa. Manhaja kuwa wanda ya riga shiga ta sani, ba ta san kara ba.

Ta kira su biyun gaban shugabar makaranta. Insha'in a kan wata saniya ne da aka sayar a rugar kakar Hindu ta wajen uwa.

"Maimuna, ɗiyata, hwaɗa mani. Da aka ja saniyar, mi ɗan maraƙin ya yi?"

Maimuna ta ce ai ba a rubuta wannan ba.

"Na sani. Hindu, ke hwa?"

"Kwana ukku bai sha ruwa ba, Malama," in ji Hindu. "Da hannu na riƙa ba shi." Sai hawaye.

Nan take shugaba ta mayar da sunan Hindu cikin masu jarrabawa. Malama Hajo ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau, ta dubi Maimuna.

"Ta bar maki layi, saura ƙiris ta bar maki jarrabawarta. Ke mi kika bar mata?"