Kwalaye Masu Jan Fenti

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da direbana, a cikin a-kori-kura. A aljihuna akwai kuɗin fadamar shinkafar da na gada, wadda na sayar don in kama babban sito a Lolo, kan iyakar Benin. Sabulun wanki nake dillanci tun kafin a yanke mana jiha daga Sakkwato, kuma ban taɓa ganin kaya na fita kamar yadda suka fita zuwa Lolo a watannin nan ba. Kwali ɗari ya koma ɗari uku. Abu biyu na fara a mako guda: talla a rediyo, da rangwame. Duk wanda ya sayi kwali goma a Lolo, ana ƙara masa biyu. Kwalayen rangwamen na sa an shafa musu jan fenti a gefe. Yabon kuwa rediyo na bai wa, don ina jin daɗin yadda ake kiran sunan shagona.

Zuwa Jega hanya ba laifi. Mun karya da masa a Koko, daga nan ramuka suka karɓe mu, direba ya kauce wa ɗaya ya faɗa biyu.

A Bagudo na tsaya gaida wata Bayarabiya mai shago, tsohuwar abokiyar cinikina da ta daina aiko mini saƙon kaya. Na zaci kasuwa ce ta yi mata nauyi. Ina shiga na ga kwalayena jere har rufi, kowanne da jan fentinsa. Ba ta ko ɓoye ba. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce, “Alhaji, kai ka kai araha Lolo, ni kuma na bi ta. In sayi goma a wurinka, in bar sha biyu?” Ta ƙara da cewa abin da ta tara zai kai ta bayan Sallah.

Muka haye gadar Tuga, kogin Kwara ya cika ya batse, ban iya ko kallonsa ba. Shingen jami'ai ya ci mana lokaci da ɗan canjin aljihu, sai wajen azahar muka shiga Lolo, ranar kasuwa. Ga shinkafa, ga albasa, ga bandar kifi mai araha, ana ciniki da Hausa da Dendanci, naira da sefa duk suna yawo. Gaban rumfar wakilina, mai sayar mini da kaya a can, layi ne. Na koma gefe na zauna ina duban fuskoki. Wannan na Bahindi ne, wancan na Kamba, wancan na Ka'oje. Duk nawa ne, mutanen da a da suke biyan cikakken farashi. Baƙin kawai 'yan Benin ne, su kuwa ƙarfin sefa ya kawo su, ko gishiri suka gani kwasa suke yi.

Na gangara bakin ruwa inda ake loda kwalayen a jirgi zuwa Dole Kaina. Na tambayi dattijon da ke tuƙin ko ya ji tallar sabulun a rediyo. Bai san ni ba. Ya ce, “Wane rediyo, ɗan'uwa? Mu dai abin da munka ji, wani Alhaji ya zare, yana ba da biyu kyauta.”

Direbana ya juya baya yana tari.

Na koma na ce wa wakilina ya tsayar da ƙarin nan take, in ga abin da zai faru. Kafin la'asar layin ya watse. Babu wanda ya yi faɗa. Wani ɗan Bahindi ya gaishe ni da ladabi, ya ce ba komai, za su jira in sake. Wannan maganar ta fi ta mai jirgi ciwo, don na gane na koya wa mutanena cewa farashina na gaskiya ƙarya ne.

Ban kama siton ba. Muka kwana, washegari muka juyo. Kai tsaye na wuce wurin wanda ya sayi fadamata. Ya riga ya yi dashe, ya ce ko na ninka ba zai mayar ba. A gida na tarar da uwargida tana wanki da sabuluna. Ta ce a shagon maƙwabci ta saya, ya fi nawa sauƙi. Ba sai na je na duba kwalinsa ba.

Ga abin da tafiyar ta koya mini, ko da zai amfani wani. Na ƙirga kwalayen da ke fita ta ƙofa ɗaya, alhali abin ƙirgawa shi ne ribar da ta rage a hannu bayan an haɗa duk kasuwanni, an cire kyautar. Kuma da ban haɗa rediyo da rangwame a mako ɗaya ba, da na san wanda ya yi aiki. Yanzu kuɗin rediyo sun tafi ban san abin da suka saya mini ba. Farashi ya karye, shagunan mutanena a cike suke har Sallah. Kuɗin sito na nan a hannuna, suna raguwa kullum. Fadamar mahaifina kuwa, wani ne zai yanke shinkafarta bana.