Ɗan Yatsan da Ya Kai Maigidana Makka

Maigidana majemi ne. Shekara arba'in hannunsa na cikin ruwan toka da bagaruwa, har tafin ya yi sulɓi kamar bayan cokali. Buzun da nake salla a kai ma shi ya jeme min.

Da babbar 'yarmu ta biya masa kujerar Makka, muka raka shi yin fasfo. Ya ɗora yatsa a na'urar ɗaukar zanen yatsa, shiru. Aka gwada duk goman, ba zane ko ɗaya.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, ina ka kai zanen yatsunka?"

Ya ce, "Yana jikin takalman mutane, 'yata."

Ta yi dariya, ta ce ya ajiye aiki wata guda ya dawo, in ba haka ba tafiyar bana ta wuce shi.

Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa zaunar da shi ba. Safe da yamma ina shafa masa mai a hannu, shi kuwa yana tsakar gida yana huci. Inuwa ma ya ƙi shiga, rana ta gasa shi ya ƙara duhu. Sau biyu na kama shi yana lallaɓawa majema. Na ce, "Malam, fata ko Ka'aba?" Ya dawo sumui-sumui.

Ranar da muka koma ina ta salati a zuci. Babban yatsa ya ƙi, manuni ya ƙi, sai a kan ɗan ƙaramin yatsan ne na'urar ta kawo koriyar wuta.

Ya kalle shi ya ce, "Ashe malalacin da bai taɓa aiki ba shi zai kai ni."

Alhamdulillahi, ya kuwa kai shi.