Biskit ɗin da Habsu ta ƙi ba ɗiyarta

Cikin duk ranakun aikina, akwai wata Talata da har gobe ba ta fita raina ba. Lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin ƙauye cikin yankin Gazawa, ƙarƙashin shugabanmu Majo Isufu. Ni ke riƙe da ɓangaren yara masu tamowa, wato waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya ramar.

Ga yadda aikin yake. Kowace Talata a auna nauyin yaro da kaurin damtsensa, a ba uwar abincin mako guda, kwaɓin gyaɗa da madara da sukari cikin 'yan ledoji. Mata na kiransa biskit. Doka ta ce ranar farko sai yaro ya ci a gabanki kafin a sallame shi. Ranar da Habsu ta fara kawo ɗiyarta Nana, 'yar wata goma, damina ce, mata sun cika rumfa har waje. Na tsallake gwajin nan, na miƙa mata ledoji na ce ta gaba ta matso.

Mako ya zagayo, Nana ba ta ƙaru ba. Mako na biyu ma ta ragu. Ni kuwa, kun dai san halina, bakina ya fi tunanina sauri. Mun sha ganin biskit ɗinmu a kan tebur ranar kasuwa, don haka ban tsaya tambaya ba na yanke hukunci. A gaban mata na ɗaga murya.

"Habsu, ki ji tsoron Allah! Abincin ɗiyarki kike saidawa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Madam, wallahi ban saida ba. Ba ya karɓar ta ne."

"Haka kowa ke cewa. Zauna nan, ki ba ta ina gani."

Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta fasa ledar da na miƙa mata, ta lakato kaɗan ta sa wa Nana a baki. Ban gama da mace ta biyu ba na ji Habsu na salati. Leɓɓan Nana sun kumbura, fatar idonta ta rufe, borin jini ya fito mata ruɗu-ruɗu har wuya. Ta yi amai, sai numfashinta ya koma wani siririn fito. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba a bakin aiki.

Majo ya shigo da gudu. Kallo ɗaya ya yi ya ce, "Jikinta ne ya ƙi gyaɗa." Ya zuƙi adaranalin, allurar da ke buɗe hanyar numfashi, ya caka mata a cinya. Muna tsaye a kanta har fiton ya lafa, ta tsala kuka.

Ya kira motar asibiti, ya rubuta takardar tura ta Maradi, inda ake farfaɗo da irin waɗannan yara da madara ta musamman. Ya ƙara da cewa in ta murmure a haɗa su da ƙwararren likita mai gwada fata da jini, don a san ko gyaɗa ce kaɗai ko da wani abin. Sannan ya juyo gare ni. "Kin yi mata gwajin ranar farko?" Na ce ban yi ba. Ya juya ya koma kan yarinyar, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna jiran mota Habsu ta kwance ƙullin da ke cikin kwandonta. Ledojin mako biyu ne cif, guda biyu kawai aka fasa. Sau biyu ta gwada a gida, sau biyu yarinyar ta kumbura, sai ta daina.

Na ce, "Don me ba ki faɗa mini tun makon farko ba?"

Ta ce, "Na ji tsoro a hidda mu daga rajista, Madam. Kuma yau da na hwaɗi, kin yarda?"

Nana ta rayu. Gwaji ya nuna gyaɗa ce da ƙwai, aka faɗa wa uwar abin da za ta kiyaye.

To, ku da kuka fara aiki bana, kumburin leɓe, ƙaiƙayi, amai ko sarƙewar numfashi da ke dawowa duk sanda aka ci abu guda, ba na shafa mai a koma gida ba ne, na turawa gaba ne. Habsu ba ta taɓa zama a lakol, wato makarantar boko, ba, amma da cin farko da na biyu ta gano ciwon ɗiyarta, ta kuma tsare ta mako biyu. Ni mai takardar shaida, ni na sa ta ba ta da hannunta.