Ramin da Baba Ya Haƙa wa Jirgin Biyafara

Duk wanda ya rubuta tarihin yaƙin basasa bai ambaci bayan gidanmu da ke unguwar Turaki ba, to aikinsa da saura. Na karanta littattafai a kan yaƙin nan, na koyar da shi a aji har na yi ritaya, amma ban ga marubucin da ya san cewa wata Asabar da hantsi, a ƙarshen daminar 1967, an kafa ginshiƙin tsaron ƙasar Muri kaf a tsakiyar lambun kuɓewar mahaifiyata ba.

Ina 'yar shekara tara a lokacin. Rediyo ta ce jirgin Biyafara ya jefa bom a wasu garuruwan Arewa, don haka kowa ya haƙa ramin ɓuya. Mutanen Jalingo suka ce Allah ya kiyaye, suka koma sha'aninsu. Baba kuwa malamin firamare ne, irin mutumin da idan rediyo ta yi tari sai ya nemi magani. Ya fito da igiya da turaku da diga, ya zaga gidan bai ga ƙasa mai laushi ba sai lambun Mama, inda kuɓewa ta fara 'ya'ya, yakuwa ta kai ƙugu. Mama ta fito daga madafa da muciya a hannu ta ce, "Malam, jirgin nan zai bar Kano da Kaduna ya zo neman kuɓewata?" Baba ya ce, "Bom ba ya karanta taswira."

Da yake mutum ne mai son lissafi, sai ya sa muka tsugunna a jere don ya auna tsawon ramin: shi, ni, da ƙannena biyu. Mama ta ce ba za ta tsugunna wa shirme ba, sai aka mirgino turmi ya wakilce ta. Da ya gama, ya ƙara taku biyu a ƙarshe, can wajen danga, ya kafa turke. Autanmu ya ce, "Baba, nan na wa?" Baba bai ɗago ba ya ce, "Na Bulus."

Bulus shi ne babban wanmu. Yaron mota ne a hanyar garin Mutum Biyu, kuma da yaƙi ya ɓarke ya bi motar masu ɗaukar soja ba tare da izinin Baba ba, sai direbansa ne ya kawo mana labari. Tun ranar Baba bai sake kiran sunansa ba, ko a addu'ar safe sai dai ya ce "waɗanda ke nesa". Mama ta tsaya tana kallon turken nan. Ta ajiye muciya, ta shiga ɗaki, ta fito da babban daronta na wanki, ta fara kwasar ƙasa.

Daga nan rayuwarmu ta koma hannun usur ɗin makaranta. Kina tsakiyar carafke, ko kin dawo daga rafin Mayo Gwoi da tulu a ka, ko an zuba miya ke nan, sai ki ji fiiit! Dole a bar komai a faɗa rami, kai tsakanin gwiwoyi, Baba yana duba agogo. Gurbin Bulus kuwa ba mai taɓa shi. Wanda ya zame ya shiga zai sha ranƙwashi. Maƙwabciyarmu Goggo Dija takan leƙo ta saman zana ta yi gaisuwarta ta Fulatanci, ta ce, "Malam, jam na? Yau ma jirgin ya zo ya same ku lafiya?" Baba ba ya tanka mata daga cikin rami, wai doka ta hana magana.

Damina ta dawo, ramin ya zama tafki. Kwaɗi suka tare, sauro ya buɗe makaranta, akuyar Goggo ta faɗa ciki har ta saba. Mu ne masu kwarfe ruwa da ƙwarya kafin mu tafi aji. Rediyo ta daina zancen jirgi, usur ya koma aljihu, ranar da aka kashe maciji a ciki kuma Baba ya ce a rufe shi, Mama ta samu lambunta. Muka ɗauka za ta yi guɗa. Sai ta tsaya a bakin ramin ta ce, "Ka auna wa ɗana wuri a cikin ƙasa, yanzu kuma ka tura ƙasa a kai yana raye? Ba a gidan nan ba." Baba ya mayar da shebur inda ya ɗauko shi.

A shekarun nan, idan aka ga fasto ya shiga gida ranar da ba Lahadi ba, mata sukan ajiye taɓarya su saurara, ko saƙon mutuwar soja ya kawo. Namu gidan dai fasto bai shiga ba, amma labarin Bulus ma bai shigo ba. Mama, wadda take ganin sayen kayan miya abin kunya ne ga mace mai hannu, ta riƙa sayen kuɓewa a kasuwa. Ta shimfiɗa tsohuwar zana a bakin ramin, ta shuka kabewa a gefe, kabewa ta yaɗu ta lulluɓe shi ruf.

An gama yaƙi, 'ya'yan mutane suna ta dawowa, har wata damina ta kama, shiru. Wata magariba muna cin tuwo sai muka ji ruuum a bayan gida, da ihun ƙaton namiji. Goggo Dija ta ƙwala, "Malam, jirgi ya faɗo!" Muka ruga da fitila. Ashe Bulus ne. Tsoron haɗuwa da Baba a ƙofa ya sa ya biyo ta ɓular danga, hanyarsa ta satar fita tun yana yaro, ya taka abin da ya sani lambu ne. Mama ta dira cikin ramin da ya sha zagi a bakinta, ta rungume shi da kakinsa da ganyen kabewa, tana kuka tana dukan bayansa. Baba ya ɗaga fitila, ya dubi turken, ya dubi ɗansa, ya ce, "Bulus. To, awo dai ya yi daidai." Washegari aka ɗauko maɗori daga Kona, Mama kuma ta ɗauki shebur da hannunta.

Yau inda ramin yake shagon cajin waya ne, kuma cikin waɗanda suka tsugunna aka auna, ni kaɗai na rage, sai turmin. Idan jirgi ya ratsa sama zai sauka a gari, jikokina ko ɗaga kai ba sa yi, ni ce nake kasa kunne ko zan ji usur. Yaya Bulus ya yi ɗingishi har ƙarshen ransa. Duk shekara ranar tunawa da 'yan mazan jiya akan zaunar da shi a gaban coci, a nuna wa yara ƙafar da ya ba ƙasarsa. Bai taɓa gyara musu ba, mu ma haka.

A bakin daga ko ƙwarzane bai samu ba. Jirgin Biyafara kuwa bai taɓa zuwa Jalingo ba.